Ƙanƙarar Bakin Kogi

Wani ne a unguwar Poumpoumré ta Garwa, sana'arsa dakon nama a keke daga mayanka zuwa kasuwa. Gwiwarsa ta dama ta fara ciwo, har ta kai idan ya zauna tahiya sai an kama shi ya tashi. Ya tafi asibitin unguwa, wajen wata nas, Madam Honorine. Ta taɓa gwiwar, ta ce keke ne ya gajiyar da ita. Ya huta da aiki, ya riƙa ɗora mata ƙanƙara safe da yamma.

Bayani dai ya fita sarai, ko ɗan aji ɗaya zai gane. Mutumin ya ajiye dakon nama a ranar.

To, wuta ba ta zama a unguwarsu, duk firjin maƙwabta ruwan ɗumi ne a ciki. Ƙanƙara sai bakin kogin Binuwai, inda masu kifi ke saye wajen wani Maxime. A ƙafa kuwa, da ranar Garwa, ko rabin hanya ba za ta kai ba. Sai ya hau keke.

Ya sayi ɗan gutsure, ya taka a hankali saboda gwiwa. Ya iso gida da leda cike da ruwa. Washegari ya sayi babba, ya ce yau shi da rana za a ga mai sauri. Ya miƙe tsaye a kan feda, yana wuce masu babur, awaki na watsewa. Ya iso da abin da bai fi ƙwan zabuwa ba. Kafin matarsa Dela ta samo tsumma, ya narke. Gwiwa kuwa ta yi kamar gwanda.

Da ya ga kumburin ya ƙaru, sai ya ce maganin ne ya yi kaɗan. Ya sa Maxime ya ɗaura masa sandar ƙanƙara guda cur, irin ta masu kifi, a buhu da garin katako. Ta fi cinyar bijimi nauyi. Haka yake haurowa da ita daga kogi safe da yamma, yana nishi, ruwa na ɗiga a bayansa. Gwiwar hagu ma ta bi sahu.

Ranar da ya kasa sa wando, aka kai shi asibiti a amalanke, yana faɗa tun daga ƙofa. Ya ce shi bai tsallake ko sau ɗaya ba, a mayar masa da gwiwarsa yadda ya kawo ta, ko ya kai ƙara wajen mai unguwa.

Honorine ta dubi ƙafafun, ta tambaye shi ko ya huta da keke.

Ya ce, "Na bar aiki, Madam. Yanzu magani kawai nake ɗaukowa da shi."

Da ta ji daga inda yake ɗaukowa, ta cire tabarau.

"Baba, in ma dole sai ka je, me ya hana ka zauna a wajen mai ƙanƙarar, ka ɗora a can, ka huta?"

Ya dube ta sama da ƙasa.

"Haba Madam, ke da kika yi karatu. A can me zan sa wa? Ai sai na ɗauko ƙanƙarar take fara ciwo."