Maigadi Ya Ci Jarrabawar da Ba a Yi Ba

"Da gajiya, da iyali, da wannan tumbin da ya riga ka shigowa?"

"Duk lafiya lau. Tumbin ma yana gaishe ki, ya ce in tambaya ko har yanzu hancin Kawu kike yawo da shi."

Haka suka saba gaisawa tun suna yara. Shi manajan gidan mai ne, ita kuma tana da shagon buga takardu a ƙasan wani bene, tsakanin mai gilashin ido da mai ɗinkin labule. Mahaifinta ƙanin mahaifiyarsa ne, wato taubasai ne, kuma ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya kira ɗan'uwansa da sunan gaskiya. Galan take ce masa, saboda ƙirar jikinsa da warin fetur da ba ya barin rigarsa. Shi kuma Fotokwafi yake ce mata, wai an kwafo fuskar ubanta an manna mata ba a ko rage girma ba.

Amma yau Galan bai zo da ƙarfin wasa ba. Kwanakin baya wayar wata mota ta yi tartsatsi dab da famfo, hayaƙi ya tashi, sabuwar ma'aikaciyarsa ta ruga ta ɗebo ruwa a bokiti za ta watsa. Allah ya sa yana kusa, ya riƙe mata hannu, ya kashe famfon, ya feshe wurin da tukunyar kashe gobara. Da labari ya kai ga mai gidan man, sai ya ce dole kowane ma'aikaci ya yi darasin gobara. Da yake aikin na canji-canji ne, ba a iya tara su lokaci guda, sai ya ce a yi ta waya, kuma yana son ya riƙa ganin wanda ya yi da wanda bai yi ba, kafin ƙarshen mako. Galan bai san inda ake sayen irin wannan abu ba, shi ya sa ya ɗora wa Fotokwafi aiken. Ta nemo, ta saya, ta shigar da sunayen ma'aikata, ta aika wa kowa lambar shiga.

Ya ɗora wayarsa a kan injin kwafi ya tura mata. Hoton satifiket ne mai adon zinariya a gefe, da sunan maigadin gidan man a tsakiya.

"Barka," in ji ta. "Aƙalla mutum ɗaya ya yi ilimi a ƙarƙashinka."

Ya ja kujera ya zauna, ya zayyana mata. Maigadi ne ya fara shiga. Ya tarar da kanun darasi, ƙasansa kuwa fari fat, ba rubutu ba hoto, sai wani ɗan maɓalli da aka rubuta "na gama". Ya danna, satifiket ya fito. Yanzu ya sa an buga masa ya liƙa a ɗakin gadi, har ya fara maganar ƙarin girma. Sauran kuwa kullum da safe saƙo ke tashinsu, wai su hanzarta su kammala darasinsu. Mai gidan man ya kira jiya yana yaba wa maigadi, yana tambayar abin da ya hana saura.

"Me na aike ki ki sayo?" ya tambaye ta.

"Wurin da yaranka za su shiga su yi karatu, maigida yana leƙensu. Sun shiga?"

"Sun shiga."

"Yana leƙensu?"

"Yana leƙe. Karatun fa?"

"Ka ce in sayo da karatu? Wanda ya yi hayar shago ai ba ya tambayar mai gini ina kayan sayarwa."

"Ni shago na ce? Makaranta na ce. Tun kina ƙarama haka kike, a aike ki sayen fitila ki dawo da kwalin."

"Kai kuwa ba a ma aikenka, don Gwaggo ta san a hanya za ka cinye aiken."

Bakinta ne kawai ke da ƙarfi, amma Galan ya lura ta daina kallonsa, ta jawo kwamfuta gabanta. Ita ma a zatonta da an buɗe za a samu wurin rubuta darasi, a zuba hotuna da tambayoyi. Ta shiga nan ta fita can. Ga jerin ma'aikata, ga wurin sa ranar ƙarshe, ga rahoto mai launi-launi da ke nuna maigadi shi kaɗai a kore, kowa a ja. Wurin darasi kuwa abu ɗaya ne a ciki, wai a ɗora ƙunshi.

"Ƙunshin me?" in ji Galan.

"Ƙunshi dai."

"Ba ki sani ba."

"Na sani, ina tunani ne. Warin rigarka ne ya hana kaina aiki."

Da tunanin ya ƙi ƙarewa, sai ta kira kamfanin da ta saya a wurinsu, ta sa wayar a sifika. Wata mata mai sanyin murya ta yi musu bayani a hankali, kamar mai lallashin marasa lafiya. Ta ce abubuwa biyu ne. Akwai manhajar da ake haɗa darasi da ita: a nan ake tsara shafuka, a sa hoto da bidiyo da murya, a rubuta tambayoyi a nuna amsar da ke daidai, in an gama a naɗe duka ya zama fayil guda, shi ne ƙunshin. Sannan akwai dandalin da ake ɗora ƙunshin, a yi wa mutane rajista, a ga wanda ya shiga da makin da ya ci, a ba shi takarda. Wasu kamfanoni sukan haɗa biyun wuri ɗaya, amma su daban-daban suke sayarwa, kuma dandalin kaɗai aka saya. Suka yi ta cewa "to, to", suka yi godiya. Da aka kashe waya suka dubi juna, kowa na jiran ɗaya ya fara nuna ya gane.

Galan ne ya fara. Ya ce abin ai mai sauƙi ne, matatar mai ce da gidan mai. Can ake tacewa, nan ake zuba wa motoci, kuma ita ta sayo masa famfo da tanki ba ko ɗigo a ciki.

"To ƙunshin fa?"

"Tankar da ke kawo mai."

"A'a, tanka ai komawa take yi. Shi ƙunshin zama yake."

"To shi ne man."

"Mai ƙarewa yake in an sha. Wannan ko duk garin nan suka karanta yana nan."

Kan Galan ya ɗaure. Ita kuma ta kawo nata misalin, ta ce kamar kwamfutarta ce da take buga takarda da allon sanarwa da ake mannawa. Ya tambaye ta wane allon sanarwa ne ke ba maigadi satifiket ya kuma kai ƙarar mutane wurin maigida. Suka koma kan matatar, suka rasa inda za su ajiye maigadi a ciki: mota ne shi, ko direba, ko wanda ya karɓi rasit bai sha mai ba. Mai gilashin ido ya leƙo zai yi kwafin takarda, ya saurara kaɗan, ya ce zai dawo.

Can sai wani abu ya faɗo wa Galan.

"Tsaya. Ranar da kika saya, ba su nuna miki ɗayar ba?"

"Sun nuna. Na kira ka na ce abu biyu ne, ka ce kada in bari a sayar mana da kaya ɗaya da suna biyu, wai kai ka san 'yan kasuwa."

"Ni na ce haka?"

"Da bakinka, kana tauna wani abu."

Ya tuna, amma bai ga dalilin amsawa ba. Ya ce wanda aka aika ai shi ke da ido, ita da ke zaune gaban kwamfuta tun safe har yamma me take kallo. Ta ce tana kallon ranar da ɗan mace zai yi abin kirki ba tare da 'yar namiji ta riƙe masa hannu ba. Ya ce in riƙon hannun nata ke nan, gara a sake shi ya faɗi.

A cikin wannan cacar ne ta tono saƙon kamfanin na ranar farko, ta ga ashe sun ba da damar gwada manhajar haɗa darasin kyauta na ɗan lokaci, kuma lokacin bai wuce ba. Ta sauke ta. Da ta buɗe, Galan ya matso yana zaton yanzu darasin gobara zai bayyana. Farin shafi ne ya fito.

"Wannan ma babu komai," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Biyu ke nan, duk wayam. To wa ke da karatun?"

Fotokwafi ta dube shi ta saman gilashinta.

"Wa ya riƙe hannun yarinyar nan ranar da ta ɗebo ruwa?"

Tun farkon maganar nan yana jiran wani masani daga nesa ya turo darasi a shirye, bai taɓa kawo wa ransa cewa shi ake jira ba. Ya ce shi bai iya koyarwa ba. Ta ce ai ba ta ce ya iya ba, surutu ya iya, kuma ita ta iya bugawa.

Suka fara. Yana faɗa tana bugawa, tana gyara masa Hausa yana cewa ta bar masa kayansa. Da ya shiga maganar famfo sai ya manta da wasa: inda maɓallin kashe lantarkin famfo yake, dalilin da ya sa ba a watsa wa fetur ruwa, yadda ake zare ƙusar tukunya a nufi gindin wuta ba harshenta ba. Har tashi ya yi yana nunawa da robar ruwanta. Ta ɗauke shi hoto ta manna a shafin, ta ce sai dai a rage shi don bai shiga ba. Daga nan ta haɗa tambayar farko: idan wuta ta kama kusa da famfo, me za ka fara yi? Ka kashe famfo, ka ɗebo ruwa, ka ɗauki bidiyo, ko ka ruga a guje.

"Zo ka gwada, mu ga ko tana aiki."

Ya gyara zama, ya danna "ka kashe famfo". Kwamfuta ta yi wani ɗan kuka, jan rubutu ya fito: ka faɗi. Ƙasa kuma ta nuna amsar da ke daidai, wai ka ruga a guje.

Fotokwafi ta kife kai a tebur tana dariya. Wurin saka alamar amsa hannunta ya zame zuwa layin ƙarshe, amma ta rantse na'urar ce ta gane shi. Galan bai yi dariya ba.

"Maigida ya gani?"

Dariyarta ta tsaya, don ita ma ba ta sani ba. Manajan gidan mai ya faɗi tambayar farko ta gobara, a wurin da maigadi ke da satifiket. Da sauri ta koma dandalin, ta buɗe rahoton, suka haɗa kai suna bin sunaye. Ga sunansa can ƙasa, a ja kamar na kowa, an rubuta bai fara ba.

Galan ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina da kujera. Ya nuna manhajar da suka haɗa darasin da ita.

"Wato wannan, duk abin da na yi a cikinta tsakanina da ita ne. Ba ta san maigida ba, ba ta san maigadi ba."

"Da alama."

Ya nuna ɗayar, wato dandalin. "Wannan kuwa ba ta san komai a kan gobara ba, amma ba abin da ke kwana a bakinta."

"Ka ga dangin ubanka ke nan."

"To kada ki kai wa magulmaciyar komai sai kin gyara."

Ta ɗora yatsa a kan linzamin kwamfutar, ta kai kibiyar daidai inda ake naɗe ƙunshi. Ta ce ita ba ta ga abin gyara ba, haka za ta ɗora, gobe duk ma'aikata su koyi gudu, shi kuma ya sake faɗuwa a gaban maigida. Ya ce ba za ta iya ba. Ta danna, wani ɗan layi ya fara cika a hankali.

"Fotokwafi."

"Ban ji ba."

"'Yar Kawu."

"Layin ya kai rabi."

Dariya ta ƙwace masa, tumbin na rawa. Ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na sallama, uwar ɗakina. Ni na ce a sayi ɗaya, ni ne ban gane ba, kuma hancin nan ya yi miki kyau."

Ta tsayar da layin. Ya fita, bai daɗe ba ya dawo da lemo mai sanyi, ya miƙa mata da hannu biyu har da ɗan rusunawa. Ta karɓa, ta duba murfin da kyau ko ya riga ya kurɓa, sannan ta mayar da alamar kan "ka kashe famfo".