Ranar da Na Gwada Ƙwaƙwalwar Dakta Yashim

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Talata a shekarar da na yi bautar ƙasa, zamanin mulkin soja, a wani asibiti da ke kudancin birnin Kaduna. Sabon fitowa nake daga jami'a, na karanta halayyar ɗan'adam, ina haya a ɗaki guda a Barnawa. Farar rigata ɗaya ce, kullum sai ta sha guga, kuma idan wani ya kira ni likita ba na gyara masa.

Aikina shi ne gwada waɗanda suka bugu a ka, don a ga abin da ƙwaƙwalwarsu ta riƙe da abin da ta saki. Muna amfani da wasu takardu da katuna da ake kira Gwajin Yashim. An ce Dakta Yashim ya dawo daga Turai da gwajin Turawa, ya nuna wa lafiyayyen manomi hoton dusar ƙanƙara, manomi ya kasa gane ta, takarda ta ce kansa ya taɓu. Sai ya ajiye na Turawa, ya yi shekaru yana bin ƙauyuka yana haɗa nasa da Hausa, da hoton lauje da tulu da akuya. Ban taɓa ganinsa ba, amma ina son sanin yadda kansa yake aiki. A raina kuwa na riga na binne shi (takardun sun yi ja don tsufa, me zan ɗauka?).

Ranar, Sista Rifkatu, shugabar nas-nas, ta miƙo mini fayil. Wani Mista Istifanus ne daga Rido, ma'aikacin matatar mai, ƙarfe ya faɗo masa a ka. Rahotonmu ake jira a san ko zai koma aiki ko a sallame shi, ga 'ya'ya biyar. Ta ce yana kan benci.

Na leƙa, na ga wani dattijo da tsohuwar kwat da lema a hannu. Na ce, "Baba, shigo." Ya shigo. Ban tambayi sunansa ba. Ban kuma duba fayil ba, inda aka rubuta ƙarara cewa Istifanus shekararsa arba'in da ɗaya.

Na fara nuna katuna, yana amsawa, yana kallona kamar ni ne abin gwajin. Ya ce, "Ɗana, wa ya haɗa waɗannan?"

Na gyara zama. Na ce, "Wani babban masani ne, ya daɗe da rasuwa."

"Allah sarki. Me ya kashe shi?"

"Tsufa," na ce. Da na ga yana saurare, sai na ƙara da cewa ai ya koyar da mu a jami'a. (Har yau ban san daga ina wannan ƙaryar ta fito ba.)

"Yana da kirki?"

"Yana da ɗan zafi, amma ni muna shiri."

Muka zo kan gajeren labarin da ake karanta wa mutum ya maimaita: wata mata ta kai kaji uku kasuwa, ta sayar, ta sayi gishiri ta dawo gida. Dattijo ya maimaita tsaf, sai ya cusa wani layi a tsakiya, wai ruwan sama ya tare ta ta fake a rumfar maƙeri. Na duba takarda, babu ruwa, babu maƙeri. Na yi murna, domin na karanta cewa ƙwaƙwalwar da ta ji rauni takan ƙago abin da ba a faɗa ba, ga shi yau na gani da idona. Na rubuta hakan da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu a ƙasa. Har na yi masa bayani a hankali cewa kada ya damu, ciwon ne.

Nan Sista Rifkatu ta turo ƙofa don ta ji dalilin da Istifanus ke zaune har yanzu (ashe ya zagaya ne lokacin da na leƙa). Tana ganin dattijon ta rusuna.

"Baba Dakta, yaushe ka iso? Ana can ana nemanka a ofis." Ta juyo gare ni. "Ka gaisa da Dakta Yashim kuwa?"

Na miƙe, kujera ta faɗi. Shi kuwa ya ce, "Mun gaisa. Ɗalibina ne, muna shiri."

Bai yi faɗa ba. Ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa. Ashe mai buga tafireta ne ya tsallake layin maƙerin tun shekarun baya, aka yi ta kwafa a haka. Ya ce tun da ya yi ritaya yake son ganin yadda ake yin gwajin idan ba ya nan, shi ya sa da na kira shi ya biyo ni.

Ya sa aka shigo da Istifanus, ya ce in zauna in kalla. Ya tambayi sunansa, da garinsu, da ko ya karya, kafin ya taɓa kati ko ɗaya. Cikin awa biyu ya gano tunanin mutumin lafiya lau yake, kunnen hagu ne ya daina ji, shi ya sa a wurin aiki ake cewa ba ya riƙe magana. Aka rubuta a mayar da shi sashen da babu ƙarar inji, kuma aka mayar.

Da zai tafi ya naɗe takardar da na cika a kansa ya sa a aljihu. Ya ce zai kai wa matarsa, don ta daɗe tana cewa kansa ya taɓu, ba ta da shaida.

Tun daga ranar, idan mara lafiya ya faɗi abin da babu a takardata, takardar nake fara tuhuma, sannan kaina. Nasa kan shi ne na uku a layi.