Faranti Shida na Malamin Lissafi

Wani malamin lissafi ne, irin mutanen nan da ko ruwa ka ba su sai sun tambaye ka kashi nawa ne cikin ɗari na kofin. Ana gobe za a tafi dogon hutu, makaranta ta raba wa malamai yadi iri ɗaya, kowa ya ɗinka riga da wando. Ranar dawowa za a ɗauki hoton malamai, kuma shi aka zaɓa ya tsaya a tsakiya. Shekara goma sha ɗaya yana koyarwa, kullum a layin baya ake cusa shi, kunnensa kawai ke fitowa. Murna ta kusa kashe shi.

Ya kai wa tela yadin. Tela ya zagaye ƙugunsa da abin awo ya ce, "Talatin da takwas. Malam, yadin nan cif-cif ya yi, ko aljihu da ƙyar zan fitar. In ka ƙara inci ɗaya, babu ruwana."

"Haba Tela! Ni da lissafi ne sana'ata?"

Da ya faɗa wa matarsa, ta ɗauki maganar da zafi. Ta sauke babban farantinsa, ta koma zuba masa shinkafa ludayi ɗaya, da ganye a gefe kamar na zomo. Kwana uku Malam ya fara ganin taurari da rana tsaka. Yana kwance yunwa na murɗa shi, sai ya tuno da darasin da yake koya wa 'yan aji shida, wato lambar zato. Lamba ce da babu ita a zahiri, amma in ka ninka ta da 'yar'uwarta sai su haifi ragi.

Ya tashi zumbur ya ce, "Abincin da matata ba ta gani ba ai na zato ne!"

Bai zame ko'ina ba sai gidan yayarsa. Ta zubo masa taliya da kaza, ya share. Ya miƙa farantin.

"Yaya, ƙara mini."

"Kai da aka ce kana rage tumbi?"

"Ragewar nake yi. Zato sau zato ragi ne. Faranti ɗaya haɗari ne, biyu kuwa magani."

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Oho dai. Ci, Allah ya ba ka lafiya."

Daga ranar Malam ya zama mai zumunci. Gidan kawu, gidan abokin aiki, har gidan wani maƙwabci da suka shekara biyu ba sa gaisawa. Ko'ina faranti biyu, ba ya yarda da ɗaya. Matarsa ta rasa gane kan abin.

"Maigida, ni ina ba ka ganye, kai kuma wuyanka yana ninkewa?"

"Kumburin yunwa ne. Ke dai ci gaba."

Ranar da abin ya ƙwace masa, gidan surukarsa ya je. Tsohuwa ta ga mijin 'yarta, ta yanka kaji, ta soya dankali, ta dafa shinkafa tukunya guda. Tana zubawa tana cewa, "Ci, ɗan nan, kunyar me?" Malam kuwa ya ajiye kunya a ƙofar gida. Sai da ya lashe cokali ya ƙirga faranti. Huɗu!

Gumi ya karyo masa. Biyun farko ragi, biyun baya ragi. Ragi sau ragi kuwa ƙari ne, ko ɗan aji ɗaya ya san wannan.

"Inna, a taimake ni da faranti biyu."

"Ikon Allah! Ɗan nan, tukunya ta ƙare."

"Ko ƙanzo ne, Inna. In na tsaya a huɗu na halaka. Sai na kai shida lissafin zai dawo daidai."

Tsohuwa ta kankare gindin tukunya, ta leƙa gidan maƙwabta ta samo sauran. Malam ya ci yana nishi, hawaye na zuba, yana cewa duk don wando ne. Da zai tafi ya kasa sunkuyawa, sai miƙo masa takalmansa aka yi, ya riƙe a hannu.

Ana gobe za a koma makaranta ya je karɓar ɗinki. Ya zura ƙafa, wando ya hau ya hau, ya zo cinya ya ce ba inda za shi. Malam ya ja numfashi, tela ya ja wando, wani mai jiran ɗinki ma ya taso ya kama. Ko motsi.

Tela ya sake awo ya ce, "Arba'in da huɗu."

"Ƙarya ne! Miƙo allinka."

Malam ya karɓi allin da tela ke zana yadi da shi, ya cika teburin yanka da lissafi, ya gangara har jikin ƙofa. Gidan yaya, ragi. Gidan kawu, ragi. Gidan suruka, faranti shida, ragi. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsa.

"Ka gani? Inci shida na rage. Kamata ya yi wandon nan ya yi mini yawa!"

Tela ya daɗe yana kallon ƙofarsa, yana gyaɗa kai. Sannan ya ninke wandon ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ni kam na gane, Malam. Sai ka je gida ka yi wa wandon bayani, shi bai yi makaranta ba."