Mahaucin Bogo da Kifin Garwa

"…gajiya ta bi lafiya. Ya Garwa, uwar ɗakina?"

"Garwa lafiya, bawana. Wanke hannu, kada ka shafa mana warin tumbi."

Dauda mahauci ne a Bogo. Ya zo Garwa cinikin shanu tare da amininsa Raphaël direban kamiyo, wato babbar motar kaya, sai Nazira, 'yar kawunsa kuma taubashiyarsa, ta ja su rumfar ƙawarta Germaine mai gasa kifi kusa da kogin Binuwai. Matsalar ɗaya ce. Kaf kasuwar Bogo an san Dauda da cika bakin cewa kifi bai taɓa shiga cikinsa ba.

Aka dire giwan ruwa a faranti, ya sha albasa da yaji, yana ta turiri.

"Bismilla," in ji Nazira.

"Ni? Jikan Sarkin Fawa? In ci abin da ba a yanka ba, ba a feɗe ba?"

"Jikan Sarkin Fawa mai auna wa tsofaffi ƙashi da jijiya."

"Ƙashina ya fi wannan ƙadangaren ruwan daraja. Dube shi, ya mutu bai ko rufe ido ba, mara kunya irinki."

"To ci albasar."

Raphaël dai ya riga ya gama da ɓari guda. Dauda ya ɗauki albasa. Ya ƙara. A ta uku wata farar tsoka ta biyo albasar.

"Me na gani?"

"Liƙewa ta yi."

"Wannan ta biyun fa?"

"Bincike nake. Ina so in gano abin da ya lalata ki a birni."

Bincike ya yi nisa har ya kai ga kan kifin. Dauda na cikin tsotsarsa, ido a lumshe, ya ji ƙyas! Nazira ta ɗaga waya.

"Goge hoton nan, don girman kawu!"

"Kawun ma zai gani. Daga shi sai 'yan rumfar mahauta."

"Ba zan sake zaman kasuwa lafiya ba! Raphaël, ka shaida ban ci ba."

"Ni ko kan ban samu ba," in ji Raphaël.

"Nazira, tozo guda da Babbar Sallah."

"Da harshe."

"Da harshen. Mayya!"

"Allah ya yi wa bawa albarka. Sai dai hannuna ya zame tun ɗazu, hoton ya tafi."

Wayar Dauda ta hau ruri a aljihu. Ya duba, Sarkin Fawa ne da kansa. Ya kife ta a kan benci, ya fashe da dariya har da hawaye.

"Madam Germaine! Ɗora wani, babba. In dai za a yi mini waƙa a Bogo, gara a yi ta ina ƙoshe."