Mai Nama da Wutsiyar Duniya

Wani ne a nan Keffi, mai tallan ɗanyen nama a tire. Jiki ga shi nan kamar buhun doya, kai kuwa fayau. Kullum daga mahauta sai Sabon Gari, ƙudaje na biye da shi kamar shi ya haife su.

Ran nan da hantsi ya tsaya ƙofar gidan wata Zipora, 'yar jami'a mai karatun sararin sama, irin waɗanda tuƙa tuwo ke gagara amma sun san abin da ke bayan wata. Ta fito da waya a hannu, tana murmushi ita kaɗai.

Ya ce, "Anti, albishir aka yi miki?"

Ta ce, "Oga, taurarin ɗan'adam ne suka sake hango wutsiyar duniya tana kaɗawa."

Ya sauke tire. "Wutsiyar wa?"

"Ta duniya mana. Ai duniya na da ƙarfin maganaɗisu, iskar rana ta ja shi baya ya zama doguwar wutsiya. A tsakiyarta akwai wani shimfiɗin lantarki, shi ke kaɗawa sama da ƙasa, kamar zani a igiyar shanya."

Duk wannan bayani, kalma biyu gogan ya tsinta: wutsiya, da kaɗawa.

"Ta wane gefe take?"

"Gefen da ya ba rana baya. Dubi inuwarka, inda ta nufa, to can. Yanko min na miya, ban da ƙashi."

Ya yanka mata, ya ɗau tire ya yi gaba. A hanyar Jigwada ya ci karo da Hamma mai shanu.

"Hamma, don Allah, me ke sa dabba kaɗa wutsiya?"

"Ƙuda."

"Ƙuda kawai?"

"Da ka zaci rawa take yi?"

"To in ta sami ƙudan fa?"

Hamma ya ce, "Fyat! Ko gawa ba a tsinta."

Mutumin nan ya ɗaga ido a hankali. Ƙudan Keffi kaf suna kan tirensa suna walima. Ya ce a ransa, shi ke nan, ni ake nema. Duk inda wutsiyar nan za ta sauka, a tsakar kaina ne.

Ya dubi inuwarsa, ta miƙe yamma. Sai ya kwasa gabas da gudu. Mata na leƙowa daga gidaje, "Mai nama! Mai nama!"

"Ba na tsayawa, ana bina!"

Ya waiga, inuwa na nan a dugadugansa. Ya tare ɗan acaɓa ya ɗare, tire a ka.

"Ina zuwa, maigida?"

"Gabas!"

"Gabas ina?"

"Kai dai ja, ba da baki ake tuƙi ba!"

Ɗan acaɓa ya murɗa. Can gogan ya sake waiwayawa, sai ya ƙwalla ihu, "Wayyo, ita ma ta sami mashin!"

Ɗan acaɓa ya ga wannan ba fasinjan arziki ba ne, ya sauke shi a Tudun Ƙofa, daidai gidan tsohuwarsa, ya yi gaba abinsa.

Rana na ɗagawa, inuwa na ƙanƙancewa. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdu lillahi, ta gaji." Bai rufe baki ba rana ta daidaita tsaka, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa.

Ai sai ya daka tsalle. Wutsiya ta dawo ta ƙasa! Kafin ka ce kwabo ya haye mangwaron ƙofar gida, har da tire. Yadda ya yi ya hau da shi, Allah kaɗai ya sani.

Zafi ya bugi nama, nama ya fara sake launi. Ƙudan maƙwabta suka ji labari suka ƙaru. Shirwa ta sauko ta ɗebi rabonta. Unguwa ta taru.

Hajja, tsohuwarsa, ta fito da muciya a hannu.

"Kai, sauko ka sayar da naman nan kafin ya zama na karnuka."

"Hajja, ba zan sauko ba. Duniya ce ke kaɗa wutsiya."

"Wa ya faɗa maka?"

"Anti Zipora."

Hajja ta sa aka ɗauko Zipora a keke. Ta zo tana haki, ta ɗaga kai.

"Haba, Oga! Abin nan fa yana can sama, nesa ƙwarai. Tsawonsa ya wuce wata. Ba ruwansa da kai, ba ruwansa da ƙuda."

Ya ƙara rungume reshe. "Kun ji ko? Dabbar da wutsiyarta ta wuce wata, ita za ku ce in sauko in taka wa gadon baya?"

Hajja ta buga muciya a ƙasa. "To, sakarai, mangwaron da ka hau, a bayan wa ya tsiro?"

Ya sa yatsa a baki. "Hajja, rage murya. Ita dabbar ba ta sani ba tukuna."