Gwiwar da Ta Ɗage Wasa

A unguwarmu ta Garwa, ni ke yanke hukunci da damina, ko a buga ƙwallo ko a ɗage. Ba na sauraron meteyo, wato hasashen yanayi na rediyo. Gwiwata ta hagu nake tambaya, don tun da ta gurɗe a fili ba ta taɓa yi mini ƙarya kan ruwa ba.

Ranar da 'yan Lagdo za su kara da ƙungiyar mahautanmu, na tashi gwiwa na zogi. Sama kuwa fes. Kyaftin ɗinmu Sani ya ce, "Kawu, dubi rana fa. Baƙi sun taso, nama na kan wuta."

Na shafa gwiwa cikin natsuwa, na ce, "Ɗana, sama na ruɗin mutum, wannan ba ta ruɗi. Kafin magariba filin nan zai koma kogin Binuwai."

Aka ɗage. 'Yan Lagdo suka iso a bayan motar kifi, suka cinye naman tas, suka zauna a inuwa muna jiran ruwa tare. Har magariba ko yayyafi babu.

Sani ya rako ni gida ina ɗingishi. A gabansa maiɗakina ta ce, "Alhaji, ba a gwiwar nan ne sandar kik ta babur ta doke ka jiya ba?"

Har yau, in na ratsa layin mahauta, sai wani ya ɗaga murya: "Alhaji Meteyo, yau ruwa ne ko babur?"