Fentin Injiniya Bahauddeen

Azare ta yi sa'a da Allah Ya ba ta Injiniya Bahauddeen, kuma shi ne mutum na farko da zai shaida maka haka. Shekara goma sha ɗaya yana kamfanin casar shinkafa na Hajiya Ya Gana, maiko bai taɓa ganin hannun rigarsa ba. Leburori kan kira shi Farin Wata, don daga nesa ake hango shi, a yi masa addu'a, kowa ya koma bakin aikinsa.

Ya fara da ƙaramin injiniya, inda ya ƙware wajen riƙe fayil. Ya zama mai kula da sashe, ya ƙware wajen nuni da biro. Da ya zama Manajan Injiniyoyi sai ya daina shiga wurin inji gaba ɗaya, wai ƙara tana hana shi tunani. Mataki ɗaya ya rage masa a duniya, kujerar Babban Manaja, kuma ranar Laraba Hajiya za ta zo ta zaɓi mai zama a kai.

Injiniya ya tara ma'aikata. "Ku ba ku fita waje ba," in ji shi, don ya taɓa yin kwas na kwana huɗu a Kaduna. "A ƙasashen da suka ci gaba, inji fari yake tas. Zan fitar da ku daga duhun kai."

Babban abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne wasu ɗige-ɗigen jan fenti da tsohon makanike Malam Sha'aban ya yi a jikin kambun da ake murɗawa a saita inji. Ɗigo ɗaya saitin shinkafar garin Sakwa ne mai danshi, biyu na busasshiyar shinkafar Bulkachuwa mai saurin karyewa. Injiniya bai tambaya ba, manya ba sa tambaya. Ya sa aka shafe komai da farin fenti, aka juya kambun don fenti ya shiga ko'ina. Malam Sha'aban kuwa aka ba shi hutun mako, kada baƙar rigarsa ta ɓata hoto.

Laraba ta yi. Injiniya ya yi jawabi na minti arba'in a kan hangen nesa, sannan ya danna maɓalli da ɗan yatsa ɗaya. Wallahi injin ya yi kyau, ba a taɓa ganin inji mai kyau yana niƙe shinkafa haka ba. Kafin a samu mai ƙarfin halin katse shi, buhu sittin sun zama tsaki.

Hajiya Ya Gana, wadda ta fara sana'ar nan da tukunya da turmi, ta ɗebo a tafin hannu ta duba.

"Injiniya, mene ne wannan?"

"Sabon samfuri ne, Hajiya. Kasuwa ce ba ta waye da shi ba tukuna."

"Madalla," ta ce. "Mai abu shi ya san darajar abinsa. Kai za ka wayar da ita."

Kujera dai ta tafi wurin wani. Amma adalci a faɗi, Injiniya bai rasa ci gaba ba, don a karon farko an ba shi aikin da zai yi da hannunsa. Ranar kasuwar Giade an gan shi a bakin buhun tsakin nan yana sayarwa, yana yi wa wata mai kiwon kaji bayanin inganci. Ta saurara har ya dire.

"To na ji, Malam," ta ce. "Cika mudun, hannunka bai iya awo ba."